Tattaki a rukuni bayan shekara 60: Abin da hanyoyin kasuwar Darki ke koya wa mazauna birni

A garin Darki da ke Ƙaramar Hukumar Wudil ta Jihar Kano, ranar kasuwa takan soma ne tun kafin rana ta fito. Motocin 'yan kasuwa sukan iso ta babban titin da ya tashi daga Kano ya ratsa Wudil ya nufi Birnin Kudu da Maiduguri, amma akwai wani ayarin da ba ya bin kwalta. Mutanen ƙauyukan kewaye ne da ke biyo burtali da 'yan hanyoyin gona, wani janye da akuya, wata ɗauke da ƙwaryar nono, wani dattijo da sandarsa da 'yar jaka a rataye. A cikinsu ba a rasa masu shekara 65 ko 70 da za su taka tafiyar sa'a guda ko fiye, su wuni ana ciniki, da yamma kuma su koma gida a ƙafa. Babu mai kiran wannan da sunan motsa jiki. Cin kasuwa ne kawai.

Sa'ansu da ke birni, wanda ya shafe shekara 30 a ofis a Sakatariyar Audu Baƙo ko a shago a Kantin Kwari, tasa rayuwar ta bi wata hanya dabam. Daga ƙofar gida sai mota, daga mota sai kujera. Yaro ne ke sayo abinci, yaro ne ke zuwa banki, masallaci kuma ga shi nan a bakin layi. Da za a ƙirga takunsa na yini guda, da wuya ya kai abin da mai tallan nono ke yi kafin hantsi. Wannan ba ya nufin mutumin karkara ya fi shi lafiya ta kowace fuska, domin shi ma yana fama da nisan asibiti da aikin ƙarfi da ya wuce kima, kuma babur da adaidaita sahu sun fara rage masa tafiyar da iyayensa suka saba. Sai dai abin nan guda da yake samu a kyauta, wato doguwar tafiyar ƙafa tare da jama'a, ɗan birni ba zai same shi ba sai ya zauna ya tsara. Daga nan ne maganar ƙungiyoyin tattaki ta taso.

Ƙungiyar tattaki taron mutane ne da suka amince su riƙa haɗuwa a wata rana da wani lokaci, su yi doguwar tafiya a ƙafa a wajen cunkoson gari, a daji ko gefen kogi ko kan duwatsu. A Birtaniya al'adar ta daɗe, har akwai ƙungiyar ƙasa baki ɗaya mai suna Ramblers da aka kafa a 1935. A Najeriya, Abuja ce ta fi shahara da wannan, inda ma'aikata ke fita ranakun Asabar su hau duwatsun da suka kewaye birnin. A Kano ma duk wanda ya bi ta wajen Filin Sukuwa da sassafe zai ga masu zagaye cikin kayan wasanni. Amma akasarinsu matasa ne da masu matsakaicin shekaru. Dattawa, waɗanda su ne suka fi kowa buƙatar abin, su ne suka fi ƙaranci.

Direba da kwandasta

Hujjar farko mai ƙarfi a kan alaƙar zama wuri guda da ciwon zuciya ta fito ne daga motocin haya. A 1953 wani likita a Landan mai suna Jerry Morris ya wallafa binciken da ya yi a kan ma'aikatan bas-bas masu hawa biyu na birnin. Direba da kwandasta mota ɗaya suke ciki, unguwanni iri ɗaya suka fito, rayuwarsu ba ta da wani nisa da juna. Bambancin shi ne direba yana zaune kusan duk tsawon aikinsa, kwandasta kuwa yana hawa da saukar matakala ɗaruruwa kullum don karɓar kuɗin mota. Sai aka tarar bugun zuciya ya fi kama direbobi, kuma idan ya kama su ya fi saurin kisa. Morris ya sake ganin haka a gidan waya: masu yawon raba wasiƙu sun fi akawun da ke zaune a tebur tsira daga cutar. Duk ɗan kasuwar da ke zaune a bayan kanta yana aiken yaransa, ya san wane ne direba a shagonsa.

Abin da ke faruwa a jiki ba boyayye ba ne. Tun daga wajen shekara 30 tsokar ɗan Adam takan fara raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma raguwar takan ƙara sauri bayan shekara 60. Cinyoyi da ƙugu ne ke fara nunawa. Mutum zai ga tashi daga tabarma ya koma sai da dafa bango, miƙewa daga sujada ta zama aiki, hawa bene kuma sai an huta a tsakiya. Da yawa sukan ce tsufa ne, su sallama. Tsufan yana da nasa kason, amma wani kaso mai girma rashin amfani da gaɓoɓin ne, kuma wannan kason ana iya dawo da shi ko an haura 70.

Ga ma'aikacin gwamnati akwai ranar da abin ke ƙara tsananta. Ƙa'idar aiki ta ce wanda ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki ya ajiye. Daga ranar, ɗan motsin da ya rage masa na fita da safe da hawa matakalar ofis da zuwa taro duk ya yanke lokaci guda. Abokan hirar ofis ma sun yanke. Sai zaman gida, da jiran fansho da garatuti, da rediyo. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga mutumin da ya bar aiki da ƙarfinsa ya rankwafa cikin shekara biyu ko uku.

Tafiya mai ɗan sauri tana sa zuciya ta ƙara aiki ba tare da an wahalar da ita ba, jijiyoyin jini su saki, hawan jini ya ɗan sauka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin manya uku ke da hawan jini, da yawa kuma ba su ma sani ba. Tsokar da ke aiki tana zuƙe sukari daga jini, ƙashin da ke ɗaukar nauyin jiki kuma yana jinkirin yin rauni. A wani babban gwaji da aka yi a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, an ɗauki mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari aka ɗora wasu a kan motsa jiki na minti 150 a mako, akasari tafiyar ƙafa, tare da rage ƙiba kaɗan. Kamuwa da cutar ta ragu da kashi 58 cikin 100 a tsakaninsu, a cikin waɗanda suka kai shekara 60 kuwa ta ragu da kashi 71. Wato dattawa ne suka fi cin ribar.

Nawa ne ya isa?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama da su samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, su haɗa da abin da zai ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da wanda zai gyara daidaiton tsayuwa aƙalla kwana uku. Minti 150 shi ne rabin sa'a sau biyar. Ma'aunin matsakaici kuwa ba ya buƙatar na'ura: idan mutum na iya hira yana tafe amma numfashinsa ba zai bar shi ya rera waƙa ba, to ya kai.

Masu wayar hannu da agogon ƙirga taku sun saba jin cewa sai an yi taku 10,000 a yini. Adadin bai samo asali daga ɗakin bincike ba. Wani kamfani ne a Japan ya fito da na'urar ƙirga taku a 1965 ya raɗa mata sunan da ke nufin taku dubu goma, sunan ya bi duniya. Da masana suka zo aunawa, sai suka ga dattijo ba ya buƙatar kaiwa can. Wani nazari da mujallar The Lancet Public Health ta wallafa a 2022, wanda ya tattara bayanan mutum fiye da 47,000, ya nuna cewa ga masu shekara 60 zuwa sama, haɗarin mutuwa da wuri yana ta raguwa har zuwa taku 6,000 ko 8,000 a yini, daga nan ya daidaita. Wani binciken na 2019 a kan tsofaffin mata a Amurka ya nuna ko masu taku 4,400 sun fi masu 2,700 nisan kwana. Taku 7,000 bai wuce kilomita biyar ba, kuma ya haɗa har da na cikin gida da na zuwa masallaci. Mai zuwa kasuwar Darki daga ƙauye kan ninka shi kafin ya kwanta.

Me ya sa sai a rukuni?

Kusan duk wanda likita ya taɓa gaya wa yana da hawan jini ya ji shawarar ya riƙa tafiya. Wuyar ita ce ɗorewa. Mako na farko da zafi-zafi, na biyu a fara tsallake kwana, na uku takalmin ya koma ƙarƙashin gado. A nan ne rukuni ya fi mutum ɗaya. Wasu masana biyu a Jami'ar East Anglia da ke Ingila sun tattara bincike 42 da aka yi a kan ƙungiyoyin tafiyar ƙafa, suka wallafa sakamakon a 2015. Sun ga saukar hawan jini da kitsen jiki da bugun zuciya da kuma alamun damuwa a tsakanin mahalarta, sannan kusan kashi uku cikin huɗu ba su daina zuwa ba. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa shiga adashi: abin da mutum zai yi wa kansa sakaci a kai, ba zai yi ba idan wasu na jiransa a bakin hanya.

Akwai kuma wani dalili da ya keɓanta da ƙasar Hausa, wanda ba kasafai ake faɗinsa a asibiti ba. A birni tafiyar ƙafa tana da ma'ana. Babban mutum ba ya zuwa wuri a sayyada. Tsohon darakta ko attajirin kasuwa da ya fito shi kaɗai yana takawa a gefen titi, kafin ya yi nisa mota uku sun tsaya: "Alhaji, lafiya? Ina motar? Shigo in rage maka hanya." Kafin azahar labari ya zaga cewa harkoki sun tsaya masa. Wannan kunya ta hana mutane da yawa abin da suka san zai amfane su, kuma raina ta kuskure ne, domin mutunci ba abin wasa ba ne a wurin dattijo. Amma dattawa goma da suka jero da sandunansu bayan sallar asuba, babu mai tsayawa ya yi musu tayin mota. Kowa ya gani ya san abin da suke yi.

Ba ma sai an ƙirƙiro sabuwar ƙungiya mai shugaba da ma'aji ba. Kowace unguwa tana da majalisa, inda mutane ɗaya ke zama a benci ɗaya shekara da shekaru suna tattauna siyasa da farashin hatsi. Hirar nan ita ce rabin maganin, domin kaɗaici cuta ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa wa kwamiti na musamman a 2023. Abin da ya rage shi ne majalisar ta tashi tsaye sau biyu ko uku a mako, a yi hirar ana tafe. Haka 'yan sahun farko na masallacin unguwa, da ƙungiyoyin 'yan fansho, da na tsofaffin ɗalibai, da 'yan layi ɗaya a kasuwa.

Mata sun fi shiga matsi a wannan fanni, alhali su ne ƙashinsu ya fi saurin yin rauni bayan ɗaukewar al'ada. A da, daka da ɗiban ruwa da zuwa biki ko dubiya a ƙafa sun wadatar. Yanzu inji ya karɓi daka, adaidaita ya karɓi ziyara. Rukunin mata zalla, kamar ɗaliban Islamiyyar matan aure da ke fita tare cikin hijabinsu, ko masu zagaya harabar wata makaranta kafin yara su iso, ba ya cin karo da al'ada, kuma maigidan da ke biyan kuɗin maganin ciwon gwiwa duk wata ya kamata ya zama na farkon ba da izini.

Ƙasa mai yashi, da duwatsu kaɗan

Wanda ya ga hotunan masu tattaki a Abuja ko Jos zai ɗauka sai da tsauni. Ƙasar Darki da sauran gundumomin Wudil irin su Indabo da Utai da Lajawa shimfiɗaɗɗiya ce, gonaki ne da itatuwan kuka da ɗorawa da darbejiya. Ga dattijo wannan alheri ne. Hanyar gona ba ta da santsin kwalta: nan yashi, can kunya, gaba ɗan kwari. Kowane taku sai idon sawu da gwiwa da ƙugu sun yi ɗan gyara, kuma wannan gyaran shi ne atisayen daidaiton tsayuwa da likitoci ke nema. Muhimmancinsa ya fito ne daga haɗarin faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Tsohon da ya karye a ƙugu sau da yawa ba ya sake komawa yadda yake. Tafiya cikin yashi kuma ta fi cin ƙarfi, don haka rabin sa'a a burtali ta fi rabin sa'a a titi. Ga iska mai kyau, babu hayaƙin adaidaita.

Wudil ba ta da nisa daga Kano, tafiyar ƙasa da sa'a guda ce a mota idan hanya ta yi kyau. Rukunin da ke zagayen unguwa a ranakun aiki zai iya ware Asabar ɗaya a wata ya fita irin wannan yanki, ko gefen Kogin Wudil lokacin rani inda masu lambu ke aiki. Waɗanda ƙafarsu ta yi ƙwari suna da Dutsen Dala da Goron Dutse a cikin birni, da Kufena a Zariya, da kuma duwatsun Birnin Kudu masu zanen mutanen da, waɗanda ke kan hanyar da ta wuce ta Darki. Sai dai a sani cewa saukowa ta fi hawa wahalar da gwiwa, kuma a nan ne sanda ke da rana.

Fita karkara tana da ladabinta. Gona ba filin kowa ba ce. Baƙi goma sha biyu da suka ɓullo ta bayan gari ba sanarwa, a wannan zamani na zaman ɗar-ɗar, za su tayar wa mutane hankali. Daidai ne a fara gaida dagaci ko mai unguwa, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a tsaya kan hanya kada a taka shuka, kada kuma a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa. Babban titin Maiduguri kuwa ba wurin tattaki ba ne, balle ranar kasuwa da manyan motoci ke ta kai-kawo.

Kafin a ɗaura takalmi

Wanda ya daɗe bai motsa ba, ko yake da hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon zuciya, ya fara da zuwa asibiti a auna shi. Idan awon jini ya kai 180 bisa 110, sai an sauko da shi tukuna. Tafiya tana taimaka wa magani ne, ba ta ba da lasisin ajiye shi ba, kuma likita ne kaɗai zai ce a rage ƙwaya. Farawa da minti goma ko sha biyar ya isa, a riƙa ƙara kaɗan duk mako. Ciwon ƙirji, jiri, numfashin da ya ƙi dawowa bayan an tsaya, ko zafin da ke bin hannu ko muƙamuƙi, duk alamu ne na a dakata a nemi likita a ranar.

Mai ciwon sukari yana da ƙarin abu biyu. Idan yana allurar insulin ko wasu ƙwayoyin da ke saukar da sukari da ƙarfi, doguwar tafiya da yunwa na iya sa sukarin ya faɗi, don haka kada ya fita ba dabino ko alewa a aljihu, kuma abokan tafiya su san halin da yake ciki. Na biyu ƙafa. Cutar kan kashe jin zafi a tafin sawu, mutum ya taka ƙaya bai sani ba har ta zama gyambo. Silifa da takalmin fata mai buɗaɗɗen baki ba na hanyar gona ba ne. A sa rufaffen takalmi da safa, a kuma duba ƙafa idan an dawo.

Yanayi ma shi ke tsara lokaci. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Kano kan kai digiri 40, ga shi tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, saboda haka tafiya bayan asuba ce, a dawo kafin rana ta yi ƙarfi, da gorar ruwa a hannu. Da hunturu ƙura ce matsalar, musamman ga masu asma, sai a jira hazo ya ɗaga ko a rufe hanci. Da damina ciyawa kan rufe hanya, macizai su fito, nan ma sanda da rufaffen takalmi ne abin dogaro. A watan azumi a rage nisa, a mayar da ita bayan buɗa-baki. Ƙa'idar rukunin kuwa guda ce ta fi sauran: mafi rauni shi ke yanke saurin tafiya, kuma a sa mutum ɗaya mai ƙarfi a can baya, riƙe da waya mai caji da lambobin iyalan kowa.

Akwai rukunin dattawan da ba sa buƙatar a lallashe su, wato maniyyata. Da yawa sai bayan ajiye aiki ko bayan kasuwa ta kankama suke samun kujerar Hajji, wato daidai lokacin da ƙafa ta fara gajiya. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi, ban da zuwa jifa daga tantunan Mina da dawowa kwana bayan kwana cikin zafi da cunkoso. Kakannin mutanen wannan yanki sun taɓa yin tafiyar tun daga Kano a ƙafa, ta Chadi da Sudan, wasu su shafe shekaru a hanya. Jikokinsu jirgi ke kai su cikin sa'o'i, amma wasu sukan ƙare a keken turawa na haya saboda ba su shirya ƙafafunsu ba. Maniyyatan ƙaramar hukuma ɗaya sukan haɗu a wurin bita makonni kafin tashi, sun san juna, manufarsu ɗaya. Wata uku na tattaki tare, daga rabin sa'a zuwa sa'a guda da rabi, cikin takalmin da za a tafi da shi, ya isa ya bambanta wanda zai yi jifa da hannunsa da wanda zai wakilta.